"Sauran kuɗaɗe" a takardar harajin Amurka: me ke shiga, me ake korowa

A fom ɗin da masu sana'ar kansu ke cikewa a Amurka, wanda hukumar haraji ta IRS ke kira Schedule C, an ware wa kusan kowane irin kashe kuɗi layinsa: talla, hayar wuri, inshora, gyare-gyare, albashin ma'aikata, kuɗin lauya da akanta, wuta da ruwa, tafiye-tafiye. Sai can a shafi na biyu, a kashi na biyar, aka bar waɗansu layuka fayau babu suna, aka ce mutum ya rubuta sauran kuɗaɗen da bai samu inda zai saka su a sama ba. A nan ne mutane ke rabuwa gida biyu. Wani ya ɗauki wurin kwandon shara, duk rasit ɗin da ya tsinta a aljihu sai ya jefa. Wani kuma tsoro ya hana shi taɓawa, ya biya harajin da doka ba ta ɗora masa ba.

Dukkansu biyun suna neman abu ɗaya ne da babu shi, wato jerin sunayen abubuwan da aka halatta. Dokar harajin Amurka ba ta rubuta irin wannan jeri ba. Abin da ta rubuta, a sashe na 162, jimla ce guda: ana cire duk kuɗin da aka kashe wajen gudanar da sana'a matuƙar abu ne da aka saba da shi kuma ana buƙatarsa. Kotuna sun sassauta ma'anar "buƙata", suka ce ba sai abin ya zama dole ba, ya isa a ce ya dace kuma yana taimaka wa aikin. Sai aka kafa wa wannan jimla shinge biyu. Sashe na 262 ya hana cire hidimar kai da ta iyali. Sashe na 263 kuma ya hana a cire kuɗin jari gaba ɗaya a shekara guda, wato abin da aka saya don ya daɗe yana amfani. Duk taƙaddamar da ake yi a kan ƙananan kuɗaɗe tana tsakanin waɗannan sassa uku.

Kafin a yi nisa, akwai wani rashin fahimta da ya kamata a kawar, domin shi ke sa mutane ɓarnar kuɗi a watan Disamba, kafin shekarar haraji ta ƙare. Cirewa ba ta nufin gwamnati za ta maida maka abin da ka kashe. Ana rage shi ne daga cinikinka kafin a lissafa ribar da za a yanka wa haraji. Mai sana'ar da ke biyan harajin kashi 22 cikin ɗari, ga kuma harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 a kai, idan ya kashe dala 1,000 a kan aiki, abin da zai ragu a harajinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ba. Sauran kashi biyun daga aljihunsa suka fita. Wanda ya sayi abin da ba ya buƙata don kawai "ai za a cire", ya sayar da akuya ne ya sayi kaza.

Yaya ake gane abin da "aka saba da shi"? Shari'ar da kowane ɗalibin haraji ke fara karantawa ita ce ta Welch, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1933. Welch sakatare ne a wani kamfanin hatsi a jihar Minnesota. Kamfanin ya karye, doka ta yafe masa basussukansa. Da Welch ya koma sayen hatsi a kan kamasho, sai ya riƙa biyan mutanen da ke bin tsohon kamfanin bashi daga aljihunsa, don su sake yarda da shi. Mutumin kirki ke nan a idon kowa. Amma Mai Shari'a Benjamin Cardozo ya ce ko da an yarda biyan ya taimaka masa, ba al'adar 'yan kasuwa ba ce su biya bashin da ba nasu ba, kuma abin da Welch ya saya da kuɗin suna ne da mutunci, waɗanda suka fi kama da jari. Cardozo bai ɓoye cewa babu ma'auni tsayayye ba. Ya ce rayuwa ce da kanta, da duk faɗinta, za ta warware wannan kacici-kacici.

Bayan shekara hamsin cif, a 1983, Kotun Haraji ta saurari wata shari'a mai kama da wannan kamar an tsaga kara. Mawaƙin nan Conway Twitty ya buɗe gidajen cin abinci masu suna Twitty Burger, abokai da 'yan uwan sana'a suka zuba kuɗi, harka ta rushe. Shi ma doka ba ta tilasta masa biya ba, amma ya biya su daga kuɗin waƙarsa. Wannan karon kotu ta yarda a cire. Hujjarta ita ce sunansa shi ne sana'arsa, kuma da ya bar mutanen nan da asara, sana'ar waƙar da yake kai a lokacin ce za ta ji jiki. Welch yana gina sabuwar harka, Twitty yana kare wadda ke hannunsa. Ni dai ban taɓa gamsuwa cewa tazarar da ke tsakaninsu ta kai yadda littattafai ke nunawa ba, amma shari'o'in biyu sun nuna yadda tsarin yake aiki: abu ɗaya yana iya wucewa a hannun wani, a kore shi a hannun wani.

Har abincin kyanwa ya taɓa wucewa. A wata shari'a ta 2001, waɗansu ma'aurata masu filin gwangwan a jihar South Carolina sun ce suna ajiye abincin ne don jawo kyanwowin daji su kori macizai da ɓeraye daga filin, kuma hukumar haraji ba ta yi musu a kan wannan ba. Wanda ya ji labarin ya je ya cire abincin kyanwar gidansa, shi ya jiyo.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, kuma yawancin tsofaffin shawarwarin da ke yawo sun tsallake ta: kai ma'aikacin wani ne, ko mai sana'ar kanka? Kafin 2018, ma'aikacin da ya sayi kayan aiki da kuɗinsa, ko ya biya kuɗin ƙungiyar ƙwadago, ko ya biya wanda ya cike masa fom ɗin haraji, yana iya tara su a cire, amma sai abin da ya haura kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa. Mai samun dala 50,000, dala 1,000 ta farko ba ta shiga lissafi. Dokar haraji ta Disamba 2017 ta dakatar da wannan daga 2018 zuwa 2025, sannan wata dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe ƙofar dindindin. An bar 'yan tsiraru: sojojin ko-ta-kwana, waɗansu masu wasan kwaikwayo da kiɗa da suka cika sharuɗɗa, jami'an jiha ko ƙaramar hukuma da ake biya bisa aikin da suka yi, ma'aikata masu naƙasa a kan abin da ke taimaka musu yin aiki, da malaman makaranta da aka ba ɗan rangwame a kan kayan aji. Saboda haka makanikai biyu na iya sayen akwatin sifana iri ɗaya a rana ɗaya, mai garejin kansa ya cire, wanda ke karɓar albashi ya rasa. Abin da ya rage wa na biyun shi ne ya kai rasit wa uban gidansa a biya shi, domin irin wannan biya, idan an bi ƙa'ida, ba a yanka masa haraji. Waɗansu jihohi, kamar California, sun ci gaba da ba da damar a nasu harajin na jiha.

Yanzu mu zauna kusa da wata mai ɗaukar hoton biki, a ce a farkon Afrilu, ranar 15 ga wata, wa'adin miƙa fom ɗin haraji, na matsowa, ta zazzage kwalin takalmi cike da rasit a kan tebur, ga bayanan asusun banki a kwamfuta.

Abubuwan da suka fi sauƙi su ne waɗanda ba su cikin kwalin ma. Kuɗin da banki ke cirewa duk wata a asusun sana'a. Kamashon da kamfanin kati ke yanka a duk cinikin da aka biya ta da kati, wanda ba ta ganinsa saboda an riga an zare shi kafin kuɗin su iso. Kuɗin wata-wata na manhajar gyaran hoto, na ajiyar hotuna a intanet, na sunan shafinta. Kuɗin aika faifai da albam ta gidan waya. Kuɗin ƙungiyar masu ɗaukar hoto, da na mujallar sana'a. Duk waɗannan suna shiga ba gardama, kuma a ganina su ne aka fi mantawa da su, saboda ƙanana ne kuma ba sa barin takarda a hannu. Dala goma sha biyar a wata ba ta cika ido, sai an tara irinta shida an ninka sau goma sha biyu. Kamashon kati yana da tarko na daban: takardar da kamfanin ke aika wa hukumar haraji tana nuna cinikin ne gaba ɗaya kafin a yanki kamasho, don haka wanda bai cire shi da kansa ba zai biya haraji a kan kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

Sai wayarta. Da ita take magana da amare, da ita take hira da ƙanwarta. A nan doka ta ce a raba, a cire kason aiki kawai, kuma kason ya zama wanda za a iya karewa idan an tambaya. Wayar tarho ta farko da ke cikin gida kuwa ba a cire kuɗinta na wata ko da ana amsa kiran ciniki da ita, sai dai layi na biyu da aka ja don aiki. Ɗakin da take gyaran hoto ma haka: sai ya zama ana amfani da shi a kai a kai kuma don aikin kaɗai. Idan da dare ya koma ɗakin baƙi, magana ta ɓaci. Wanda ba ya son dogon lissafi yana iya bin hanya mai sauƙi, dala 5 a kan kowace ƙafa murabba'i har zuwa ƙafa 300, wato dala 1,500 ke nan iyaka.

Ga rasit ɗin gilashin kyamara na dala 900, ga na sabuwar kyamara na dala 4,000. A ƙa'ida dukkansu jari ne, domin za su yi shekaru suna aiki, kuma jari ana raba kuɗinsa ne a kan shekarun amfaninsa. Amma an yi sassauci: ƙaramin ɗan kasuwa na iya cire duk abin da bai wuce dala 2,500 ba nan take, muddin ya haɗa da takardar zaɓin yin haka a fom ɗinsa na wannan shekarar. Gilashin ya wuce ta wannan ƙofa. Kyamarar ta fi ƙarfinta, sai dai ta bi ta sashe na 179, wanda shi ma yana ba da damar cirewa a shekarar saye, amma a wani fom daban. Kuskuren da ake yi shi ne a cusa irin wannan babban saye a layin "sauran kuɗaɗe".

Ta kai wa wani mai shirya bukukuwa kyautar dala 120 saboda yana turo mata aiki. Dala 25 kawai za ta cire, domin iyakar ke nan ga mutum ɗaya a shekara, kuma tun 1962 adadin bai motsa ba, abin da ya mayar da shi abin dariya a yau. Ta ci abinci da shi suna tsara ayyukan bazara: rabi za a cire. An ɗaga zuwa duka a 2021 da 2022 don tallafa wa gidajen abinci bayan annobar korona, sannan aka koma rabi. Ta kai shi kallon wasan ƙwallo: ko sisi, domin tun 2018 aka daina cire kuɗin shaƙatawa. Abincin ranar da ta ci ita kaɗai a gari tsakanin aiki biyu shi ma ba ya shiga, tunda ko ba ta da sana'a za ta ci abinci. Kuɗin fakin a wurin biki ya shiga. Tarar da aka ci ta saboda ta yi fakin inda aka hana ba ta shiga, ko da a bakin aiki aka ci ta.

Sai kuma rasit ɗin baƙaƙen kaya, waɗanda take sawa a wurin biki don kada ta ja ido. Rantsuwa za ta iya yi ba ta sa su a ko'ina sai wurin aiki. Ba za a saurare ta ba. A shari'ar Pevsner ta 1980, wata manajar kantin kayan Yves Saint Laurent a Dallas ta nuna cewa aiki ne ya tilasta mata sa tufafin kamfanin masu tsada, kuma rayuwarta ta gida ba ta irin waɗannan kaya ba ce. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a duban yadda mutum ke rayuwa, ana duban tufar ce: idan mutane na iya sa ta a titi, ta kai ce. Abin sha'awa, a Ingila ma an iso wuri ɗaya ta wata hanyar. Can ƙa'idar ita ce kuɗin ya zama an kashe shi kacokan don sana'a kaɗai, kuma a 1983, a shari'ar Mallalieu, kotun ƙoli ta lokacin ta hana wata lauya cire kuɗin baƙaƙen kayan da take sawa a kotu, bisa hujjar cewa tufa tana rufe jiki tana kuma maganin sanyi, ko mai ita ta yi tunanin haka ko ba ta yi ba. Hular kwano, takalmin ƙarfe, rigar likita, riga mai tambarin kamfani, waɗannan ne ke wucewa.

Karatu ma yana da irin wannan iyaka. Kwas ɗin da zai ƙara wa mai ɗaukar hoto ƙwarewa a hasken fitila ya shiga. Karatun da zai mayar da ita ma'aikaciyar jinya bai shiga ba, saboda sabuwar sana'a ce. Kuɗin da aka kashe kafin a buɗe harka, kamar binciken kasuwa da tallan farko, ana cire dala 5,000 a shekarar da aka fara, wannan ma yana raguwa idan jimillar ta haura dala 50,000, sauran a raba a kan wata 180.

Akwai kuma abin da ya cika sharaɗin sana'a sarai amma Majalisa ta toshe shi da gangan: cin hanci, tarar gwamnati, gudummawar siyasa, kuɗin kamun ƙafa a majalisa, kuɗin zama ɗan kulob ɗin golf ko da a can ake ƙulla ciniki. Sadaka ga ƙungiyar agaji ba ta shiga fom ɗin sana'ar mutum ɗaya, tana da nata wurin a harajinsa na kai, amma idan ya biya an buga sunan shagonsa a rigar 'yan wasan makaranta, wannan talla ce. Mafi ban mamaki a wannan babi shi ne sashe na 280E. A 1981 Kotun Haraji ta yarda wani dillalin ƙwaya a Minneapolis ya cire kuɗin waya, na mota, da wani ɓangare na hayar gida, tunda ana yanka haraji a kan kuɗin haram, kuma riba ake yanka wa haraji. Majalisa ta fusata, ta yi doka a 1982 ta hana. Shekaru da yawa bayan haka, shagunan wiwi da jihohinsu suka halatta su ne suka sha ɗacin wannan doka, suna biyan harajin tarayya ba tare da an cire musu haya ko albashi ba.

Abu biyu da ke ba mutane mamaki. Wanda ya yi aiki aka ƙi biyansa yakan so ya cire kuɗin a matsayin bashin da ya mutu, amma idan lissafinsa na kuɗin da suka shigo hannu ne, babu abin cirewa, domin tun farko bai saka su a cinikinsa ba. Sannan harkar da kullum asara take yi tana iya sa hukuma ta ce sha'awa ce kawai mutum ke yi, ba sana'a ba. Wanda ya ci riba a shekara uku cikin biyar, doka na ɗaukarsa ɗan kasuwa har sai an kawo hujjar akasin haka. Masu kiwon dawaki an sassauta musu zuwa biyu cikin bakwai.

Duk wannan bayani ba ya tsinana komai idan babu shaida, kuma nauyin kawo ta yana kan mai biyan haraji. A 1930 George M. Cohan, fitaccen ɗan wasan dandali na New York, ya je kotu ba shi da rasit na tafiye-tafiye da liyafar da ya yi wa mutane. Mai Shari'a Learned Hand ya ce tunda an tabbata ya kashe wani abu, rashin adalci ne a ba shi sifili, a yi kiyasi ko da za a matse shi. Har yau kotuna na amfani da wannan a kan ƙananan kuɗaɗe, sai dai a 1962 Majalisa ta cire tafiye-tafiye, kyaututtuka da irinsu daga ciki, daga baya motoci suka bi sahu. A waɗannan sai an nuna adadi, rana, wuri da dalili. Mai ɗaukar hotonmu na iya cire santi 70 a kan kowane mil da ta yi don aiki a 2025, daga santi 67 a 2024, amma sai da littafin da ta riƙa rubuta tafiyoyin. Zirga-zirgar gida zuwa wurin aiki na kullum ba ta ciki. Abin da bai kai dala 75 ba a tafiya ba dole sai da rasit ba, ban da kuɗin masauki, amma rubutawa dole ce.

Don haka nake ganin rubuta "sauran kuɗaɗe, dala 6,000" a layi ɗaya gayyatar tambaya ce. Layukan nan an bar su fayau ne don a fayyace: kamashon kati kaza, manhajoji kaza, kuɗin ƙungiya kaza. Hukumar na da shekara uku ta dawo ta duba fom, shida idan an ɓoye fiye da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin shiga, kuma babu iyaka idan akwai zamba. Idan aka soke abin da mutum ya cire, zai biya harajin da kuɗin ruwa, wani lokaci da tarar kashi 20 cikin ɗari a kai. Rasit ɗin injin kanti kuwa, irin mai santsin nan, yakan koɗe ya koma farar takarda tun kafin shekara ukun ta cika, musamman wanda ya kwana a mota cikin zafi. Mai ɗaukar hoton ta ɗaga ɗaya daga cikin kwalin ta kai shi kusa da fitila, tana iya ganin tambarin shagon, amma adadin da ranar sun tafi.